Sunan Yanka da Kirarin Kasuwa: Grafana da 'Yan Uwanta

Duk wanda ya tashi neman manhajar da za ta mayar masa da tulin alƙaluma zane, wadda zai girka a kan injinsa ba tare da biyan wani kamfani kuɗin wata-wata ba, sunaye biyar ne za su yi ta kai-komo a gabansa: Grafana, Kibana, Metabase, Superset da Redash. Kirarin da ake yi musu kuwa ɗaya ne. Buɗaɗɗu ne, kyauta ne, a gidanka za ka sauke su, kuma dukansu suna haɗa dashbod. Wanda ya tsaya a kan kirarin zai ɗauka duk wadda ya kama ta yi. Ni na fi gaskata sunayen yankansu. Waɗanda suka raɗa sunayen injiniyoyi ne da wata matsala ta dama a wurin aiki, kuma kusan kowane suna yana ɗauke da alamar matsalar da ta haifi manhajar. Kirarin kuwa kowa na iya ara, har wanda bai cancanta ba.

Dashbod ba baƙuwar kalma ba ce a bakin direba da bakanike. Amma ta girmi mota. Tun a shekarun 1840 Turawa ke kiran wani allo na katako ko na fata da wannan suna, allon da ake kafawa a gaban mai tuƙa keken doki don ya tare taɓon da kofaton dawaki ke fantsamowa idan sun sa gudu. Da aka ƙera motocin farko a kan siffar keken doki, allon ya zauna a inda yake. Da injin ya koma gaba, sai allon ya zama shamaki tsakanin fasinja da zafi da baƙin mai. Daga baya aka ga ai nan ne idon direba ke faɗawa, sai aka liƙa masa maleji da allurar mai da ta zafin inji. Daga mota ne masu kamfanoni suka ari kalmar, kuma a shekarar 2020, lokacin da duniya ta zuba wa allon Jami'ar Johns Hopkins ido tana ƙirga masu korona, ta shiga bakin mutanen da ba su taɓa zama a ofis ba.

Akwai abin da kalmar ta taho da shi daga mota wanda bai kamata ya ɓace ba. Direba ba ya karanta dashbod, kallo ɗaya yake yi masa ya mayar da ido kan titi. Allurorin kaɗan ne, kuma kowace tana da aikin da take sa shi: ta mai ta faɗi, ya nufi gidan mai, ta zafi ta hau, ya gangara gefe ya kashe mota. Stephen Few, wanda ya rubuta littafi a kan tsara irin wannan allo a 2006, ya dage a kan cewa dole ya tsaya a fuska ɗaya da za a iya fahimta da kallo guda. Na yarda da shi ƙwarai. Shafin da aka cusa wa zane arba'in, sai an yi ta gangarawa kafin a kai ƙarshensa, rahoto ne, ko da an kira shi dashbod. Kuma a nan ne nake ganin kalma ɗaya ta haɗiye abu biyu. Akwai allon sa ido, wanda ke gaya maka halin da abu ke ciki yanzu-yanzu. Akwai kuma allon bincike, wanda kake zama a gabansa da tambaya, kamar me ya sa cinikin watan jiya ya faɗi. Manhajojin nan biyar a kan wannan layin suka rabu gida biyu, kuma sunayensu sun nuna haka.

Kibana ce babbar yaya a gidan sa ido, kuma ba a gane ta sai an gane kalmar Ingilishi "log". Asalinta gungumen itace. A zamanin jiragen ruwa masu filafilai, matuƙa kan ɗaure wani katako da igiya mai ƙulli-ƙulli, su jefa shi a ruwa ta bayan jirgi, su kifa agogon yashi, su ƙirga ƙulli nawa ya zare daga hannunsu kafin yashin ya ƙare. Haka suke sanin gudun jirgi, shi ya sa har gobe da "ƙulli" ake auna gudun jirgin ruwa. Littafin da ake rubuta sakamakon a ciki ya ɗauki sunan katakon, daga nan kuma duk wani rubutu da inji ke yi wa kansa, layi bayan layi, kowane layi da lokacinsa, ya gaji sunan. Saba mai aiki tana iya zubo miliyoyin irin waɗannan layuka a yini. Shay Banon ya fitar da Elasticsearch a 2010, injin da ke iya laluben irin wannan tari cikin ƙiftawar ido, sai Rashid Khan ya ƙera Kibana don ta zama tagar da ake leƙawa ciki. Labarin da masu harkar ke bayarwa shi ne ya yi wasa ne da ma'anar nan biyu, ya nemo sunan daga Swahili da nufin bukkar gungume. A Swahili dai bukka "kibanda" ce. Abin da mai zaɓe ke buƙata ya sani shi ne Kibana matar gida ɗaya ce. Da Elasticsearch kaɗai take magana. In bayananka ba a can suke ba, ba ta da abin da za ta nuna maka.

Grafana daga haƙarƙarin Kibana ta fito. Torkel Ödegaard, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, yana aiki da Graphite, wata ma'ajiyar awo da aka ƙera a kamfanin Orbitz, amma fuskarta ba ta gamshe shi ba, alhali fuskar Kibana ta uku ta burge shi. Sai ya kwafi tushen Kibana, wanda lasisinsa ya halatta haka, ya juya shi ya fuskanci Graphite, ya saki abin a watan Janairun 2014. Sunan ya faɗi iyayen duka biyu: kan Graphite, wutsiyar Kibana. Shi kuwa "graphite" shi ne baƙin ma'adinin da ke cikin fensir, wanda aka raɗa wa suna a 1789 daga kalmar Girkanci mai nufin rubutu. Abin sha'awa ne cewa mu ma ta hanyar abin rubutu muka bi: jam'in alƙalami ne muke kiran lambobi da shi, alƙaluma.

Wanda ya buɗe Grafana zai ga gadon nan da idonsa. A kusurwar dama ta sama akwai wurin zaɓen lokaci, sa'o'i shida da suka wuce, ko yini, ko mako, kusa da shi kuma maɓallin da ke sa allon ya sabunta kansa kowane daƙiƙa biyar ko minti ɗaya. Kusan kowane zane, lokaci ne shimfiɗe a gindinsa daga hagu zuwa dama. A ce asibiti ne mai sola da inbata da firjin ajiyar allurar rigakafi. Layi ɗaya na nuna cajin batir yana hawa daga hantsi, ya miƙe da azahar, ya fara zamewa bayan la'asar. Wani layin na nuna sanyin firji yana yawo tsakanin digiri 2 da 8, inda ake so ya tsaya. Ka ja masa iyaka, ka ce in ya haura 8 na tsawon minti goma a aika saƙo wayar mai kula da shi. Wannan aikin Grafana ne tun daga haihuwa, kuma ban san wadda ta fi ta iya shi ba a cikin biyar ɗin. Ita ba ta ajiye awon da kanta. Tana jawowa ne daga inda yake, galibi daga Prometheus, wadda aka fara a kamfanin SoundCloud a 2012 aka ba ta sunan wanda ya sato wa mutane wuta a tatsuniyar Girkawa. Tana iya karanta rumbun bayanai na ciniki ma, amma in ka matsa mata da tambayoyin akanta za ka ji tana yi ne ba da son ranta ba.

Gidan bincike kuwa 'ya'yansa uku ne, kuma wadda ta fi yawan suna ita ce Superset. Maxime Beauchemin ya fara ta a kamfanin Airbnb a 2015 da sunan Panoramix. Wanda ya tashi a ƙasar da ake karatu da Faransanci, kamar Nijar, zai iya gane shi: shi ne tsohon bokan nan mai haɗa maganin ƙarfi a littattafan barkwanci na Asterix. Irin waɗannan bokaye na tsoffin mutanen Gaul ana ce musu "druid", kuma manhajar an ƙera ta ne tun farko don ta zama fuskar wani rumbun bayanai mai suna Druid. Sunan ya zauna daram, ga shi kuma yana ɗauke da amon kallon fili mai faɗi. Daga baya ta koma Caravel, sunan ƙananan jiragen ruwan da Turawan Fotugal suka bi gaɓar Afirka ta Yamma da su a ƙarni na 15. A kunnen mai raɗa sunan, jirgin gano sababbin wurare ne. A kunnen wanda ya san cewa a cikin irin waɗannan jirage aka kai bayi garin Lagos na Fotugal a 1444, sunan yana da wani nauyi dabam, kuma ban yi kewarsa ba da aka sauya shi a 2016. Suna na uku daga lissafi ya fito: rukunin da ya ƙunshi wani rukuni gaba ɗaya har da ƙari. Ya dace da halinta. Nau'in zanenta ya kai gommai, har da taswirori, tana da ɗakin rubuta tambayoyin SQL, tana magana da kusan duk rumbun da ke jin wannan yare. Farashin wannan yalwa shi ne nauyi. In za a yi aikin gaske da ita, sai an tanadar mata rumbun da za ta ajiye tsare-tsarenta, da wata manhaja mai suna Redis, da wasu ma'aikatan bayan fage masu ɗaukar dogayen tambayoyi. Ofishin da ba shi da mutum tsayayye a kan saba zai sha wuya da ita.

Redash ta fi sauƙin bayani. Arik Fraimovich ya fara ta a 2013 a wani kamfanin Isra'ila mai suna EverythingMe, don abokan aikinsa su riƙa yi wa rumbun Redshift na Amazon tambaya su ga amsa a zane. Farkon Redshift, farkon dashbod, shi ke nan sunan. Ta mutumin da ya iya SQL ce.

Metabase, wadda Sameer Al-Sakran da abokansa suka saki a 2015, sunanta na nufin abin da ke zaune a saman rumbun bayanai. Amma kalmar da ta fi tona halinta tana cikin manhajar: abin da sauran ke kira da sunayen injiniyoyi, ita "tambaya" take ce masa. Fayil ɗaya ake saukewa, a tayar da shi da Java, a buɗe burauza, a nuna mata inda rumbun yake. Daga nan mai kula da sito a kamfanin rarraba magani, wanda bai taɓa rubuta layin SQL ba, zai danna teburin ciniki, ya tace na watan Maris, ya ce a tara masa bisa gari, sai ga sanduna sun jeru, Kano, Katsina, Gusau, kowace da tsayinta. Ga ƙaramin ofishi da ke son amsa ba ado ba, da ita zan fara. Sai dai tarko ɗaya: tana zuwa da wani ɗan rumbu na cikin gida mai suna H2 inda take ajiye tambayoyi da allunan da aka haɗa, kuma masu ita da kansu sun yi gargaɗin kada a dogara da shi a aikin gaske, a mayar da ita kan PostgreSQL tun da wuri.

Sunayen yanka ke nan. Kirarin ne ke buƙatar a tsare shi da tambaya.

A Ingilishi kalma ɗaya, "free", ke ɗaukar kyauta da 'yanci, kuma wannan cukurkuɗewa ta dami Richard Stallman tun da ya kafa gidauniyarsa a 1985. Shi 'yanci yake nufi: ka yi amfani da manhaja yadda ka ga dama, ka karanta tushenta, ka gyara, ka raba wa wasu. 'Yan kasuwa kuwa kyauta suke ji, su tsorata. Don a kauce wa wannan ne Christine Peterson ta kawo lafazin "open source" a watan Fabrairun 1998, a daidai lokacin da Netscape ke shirin buɗe tushen burauzarta, aka kuma kafa ƙungiyar OSI don ta riƙa tantance lasisin da ya cancanci sunan. Hausa ba ta da wannan matsala, domin kyauta daban, 'yanci daban. Amma mun fara jawo wa kanmu ita, don sau da yawa in an tashi bayani sai a ce "manhajar kyauta". Wannan kuskure ne mai tsada. Akwai manhajoji da yawa da ake bayarwa kyauta amma tushensu a kulle yake, mai su na iya janyewa gobe. Buɗaɗɗiyar manhaja ya kamata mu riƙa cewa, ko 'yantacciya, sannan mu bi da tambayar da ta fi muhimmanci: a ƙarƙashin wane lasisi, kuma wa ke da ikon sauya shi?

Shekarar 2021 ta amsa wannan tambaya a aikace. A watan Janairu kamfanin Elastic, mai Elasticsearch da Kibana, wanda ya daɗe yana ƙorafin cewa Amazon na sayar da hidimar Elasticsearch ba tare da shi ba, ya cire su biyun daga lasisin Apache ya mayar da su kan lasisinsa da kuma wani lasisi mai suna SSPL, wanda kamfanin MongoDB ya ƙirƙiro a 2018 kuma OSI ba ta amince da shi ba. Tushen yana nan a buɗe ana gani, amma bisa ma'aunin OSI Kibana ta daina zama buɗaɗɗiya. Amazon ta ɗauki sigar ƙarshe mai tsohon lasisi, 7.10.2, ta yi reshe da ita, abin da injiniyoyi ke kira "fork", wato inda hanya ta rabu biyu. Daga nan OpenSearch Dashboards ta fito. A watan Afrilu Grafana ma ta bar lasisin Apache, amma ta koma AGPL, wanda OSI ta yarda da shi. Sharaɗin AGPL shi ne in ka gyara manhajar kana yi wa jama'a hidima da ita ta intanet, dole ka ba su gyaran da ka yi. Ga ofishin da ya girka ta don amfanin kansa bai taɓa tushen ba, babu abin da ya sauya. A watan Agustan 2024 Elastic ya dawo ya ƙara AGPL a cikin zaɓinsa, amma reshen ya riga ya yi saiwa, har an miƙa OpenSearch ga Gidauniyar Linux a wata na gaba.

A nan ne kalmar Apache da ke gaban sunan Superset take da amfani. Gidauniyar Apache, wadda aka kafa a 1999, ta ce ta ɗauki sunan ne don girmama al'ummar Apache ta asalin mazauna Amurka, ko da yake an daɗe ana cewa akwai wasa da kalma a ciki, domin sabar da suka fara da ita tarin faci ce a kan wata tsohuwa, kuma a Ingilishi sunan na kama da "mai faci-faci". Superset ta shiga hannun gidauniyar a 2017, ta zama cikakken aikinta a Janairun 2021, watan da Elastic ya juya baya. Ma'anar haka ita ce babu kamfani ɗaya, har da Preset da Beauchemin ya kafa, da zai wayi gari ya sauya mata lasisi. Metabase da Grafana kuwa kamfanoni ne ke riƙe da su, kuma tsarinsu shi ne a buɗe cibiya a kulle gefe. A Metabase, iyakance wa kowane ma'aikaci layukan da zai gani na masu biya ne. A Grafana, aika rahoton PDF a kan lokaci da haɗawa da rumbuna irin su Oracle na masu biya ne. Ban ga laifinsu ba, albashin masu gyara manhajar daga nan yake fitowa. Laifin yana ga mai ba ofishi shawara ya ce "buɗaɗɗiya ce" ya yi shiru, sai an yi wata shida ana aiki a gano cewa abin da shugaba ya fi buƙata yana bayan ƙofar da ake biya da dala.

Saura kirari na ƙarshe, "self-hosted". Kalmar da ke tsakiyarsa mai masauki take nufi, kuma wannan fassara ta fi ta Ingilishin faɗar gaskiya, don kowa ya san mai masauki ba hutawa yake yi ba. Dalilan karɓar wannan nauyi a wajenmu na gaske ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500, kuma duk ofishin da ke biyan kuɗin manhaja da dala bisa kan kowane ma'aikaci ya ji a jikinsa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi a Najeriya da Gana suka shiga tasku, alhali allon da ke kan saba a cikin gini bai san an yi ba. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutane ƙasar waje. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne DHIS2, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ke jagoranta, wadda ma'aikatun lafiya na ƙasashe fiye da 70, har da Najeriya da Nijar, ke tattara alƙaluman asibitoci da ita, kowace ƙasa tana riƙe da nata.

Sai dai lafazin yana ɓoye tambayar wane gida. Yawancin masu cewa sun sauki manhaja da kansu hayar saba suka yi a wata cibiya a Frankfurt ko Landan. Ragamar manhajar na hannunsu, amma injin na wani ne, da dala ko yuro ake biya, kuma in wayar teku ta yanke su ma sun yanke. Wanda ya ajiye injin a ofishinsa kuwa ya ɗauki wuta da sanyaya ɗaki da ƙura da ajiyar kwafi. Dukansu biyu kuma tsaro na wuyansu. Grafana tana zuwa da sunan shiga da kalmar sirri iri ɗaya, "admin", sai ka sauya. A Disambar 2021 an gano wata kafa a cikinta da ke bai wa baƙo damar karanta fayilolin saba ba tare da ya shiga ba. A Afrilun 2023 masu bincike suka nuna cewa ɗimbin sabobin Superset da ke kan intanet suna aiki da makullin sirrin da manhajar ta zo da shi, wanda kowa zai iya karantawa a tushenta. A Yulin shekarar aka sami wadda ta fi muni a Metabase, inda mai kutse ke iya ba saba umarni tun kafin a tambaye shi kalmar sirri. Duka ukun an fitar da facinsu. Amma facin ba ya liƙa kansa, kuma allon bincike yana riƙe da makullin rumbun bayanan ofis gaba ɗaya.

Redash ce ta gwada kirarin biyu, na buɗewa da na masauki, a lokaci guda. Kamfanin Databricks ya saye ta a watan Yunin 2020, kuma a ƙarshen Nuwamban 2021 aka rufe hidimar da ake biya a yi amfani da ita a sabar kamfanin. Waɗanda ke can sai da suka kwashe kayansu. Waɗanda suka girka ta a injinsu ba wanda ya taɓa su, domin lasisin BSD da take kai ba ya janyuwa. Amma sababbin sigogi sun yi tsaiko na tsawon lokaci, har sai da wasu masu amfani da ita suka karɓi ɗawainiyar gyaranta a matsayin 'yan sa kai. Don haka ofishin da ke tunanin ɗaukarta yau, ko ɗaukar kowace a cikin biyar ɗin, kafin ya kalli kyan zanen sai ya buɗe shafin da ake ajiye tushenta, ya duba ranar da aka saki siga ta ƙarshe, da yawan mutanen da ke karɓar gyara, da kuma ko dukansu albashin kamfani ɗaya suke ci.